Kula da mai ƙiba a ƙaramin asibiti: jagora ga ma'aikatan lafiya a Zariya

A asibitin unguwa da wuya ka ga wanda ya yanki kati ya ce ƙiba ce ta kawo shi. Gwiwa ce ke kawo shi, ko ciwon baya, ko haki in ya yi 'yar tafiya, ko ciwon kan da ya ƙi jin magani. Mace kuwa sau da yawa rikicewar al'ada ce, ko jinkirin haihuwa. Mu kuma sai mu rubuta maganin abin da aka kawo kuka a kai, mu ce "Hajiya, a rage ci," ta ce to, ta gyara mayafinta ta fita. Bayan wata uku ta dawo da gwiwar nan, nauyi kuma ya ƙaru. Na daɗe ina aiki haka kafin na gane cewa wannan kalma ba ta taɓa sauke wa kowa ko kilo ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, manya kaɗai sun kai miliyan 890. Wanda ya zauna ranar duba masu hawan jini a Tudun Wada ko Sabon Gari ko cikin birni ya san lamarin ya iso gida. Na rubuta wannan ne domin abokan aikina, nas da ungozoma da jami'in lafiyar al'umma da likita, waɗanda abin da ke hannunsu bai wuce sikeli da tef irin na tela da na'urar awon jini da ta sukari ba, sai kuma minti goma.

Mataki na farko: nemi izini kafin ka buɗe zancen

A wajenmu jiki shaida ne. Amarya ta cika ta yi fes, sai a ce gidan miji ya karɓe ta. Magidanci ya ajiye tumbi, sai a ce hutu ya zo. Wanda kuma ya rame, tambayar farko da za a yi masa ita ce "Lafiya kuwa?", a bayan idonsa kuma a fara raɗe-raɗin cuta ko talauci. Saboda haka in ka ce wa mace mai shekara arba'in ta rage jiki, kana taɓa mutuncinta ne a gaban dangin miji da kishiya da ƙawaye. Wasu kuma sun sha gori tun suna 'yan mata, da ka ambaci zancen sai zuciyarsu ta rufe.

Fara da abin da ya kawo ta. Duba gwiwar tukuna, ka nuna ka ɗauki ciwon da muhimmanci. Sannan ka ce: "Hajiya, akwai alaƙa tsakanin wannan gwiwa da nauyin da take ɗauka. Kin yarda mu ɗan tattauna a kai?" In dattijo ne: "Baba, ko za ku ba ni dama mu auna nauyinku, mu ga ko yana da hannu a hawan jinin nan?" Yi amfani da kalmar nauyi. Ka bar teɓa da tumbi da ƙatuwa a waje. Kada ka ɗaga murya ka faɗi lambar sikeli alhali layi na saurare, kuma in akwai hali a janye sikelin zuwa bayan labule. In ta ce ba yau ba, rubuta a kati cewa ka tayar da maganar, ka bari sai zuwa na gaba.

Mataki na biyu: awo

Ajiye sikeli a kan siminti mai daidai, a cire takalmi da jaka da babbar riga. Tsayi kuwa, in babu ma'auninsa, manna tef a bango ya wadatar. Lissafin nauyi da tsayi, wanda ake rubutawa BMI a kati, shi ne ka ninka tsayi a mita da kansa, ka raba nauyi a kilo da abin da ya fito. Mace mai kilo 92 da tsayin mita 1.60: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, ka raba 92 da shi ka sami 35.9. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce, daga 35 mataki na biyu, daga 40 mataki na uku. A Ingila, ƙa'idar da ake bi yanzu ta sauko da iyakar ga baƙar fata 'yan asalin Afirka zuwa 23 da 27.5, domin ciwon sukari yana kama mu tun nauyi bai kai na Turawa ba. Don haka kada ka sallami mai 28 da cewa kalau yake.

Ni na fi dogara da tef ɗin ƙugu. Kitsen ciki, wanda ke kewaye hanta da hanji, shi ne mai kawo sukari da hawan jini, ya fi na cinya da mazaunai haɗari nesa ba kusa ba. Laluɓo haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef a tsakaninsu, bayan mutum ya fitar da numfashi ba tare da ya tsuke ciki ba. Namiji ya wuce santimita 94 haɗari ya fara, ya wuce 102 ya yi yawa. Mace kuwa 80 da 88. Mace ta auna mace, namiji ya auna namiji, wannan ba abin sassauci ba ne a garinmu.

Akwai dabarar da nake koya wa kowa domin ba ta buƙatar boko. A yanki zare daidai tsayin mutum, a ninka shi biyu, a zagaya ƙugu da shi. In bakin zaren biyu sun haɗu, madalla. In sun kasa haɗuwa, ƙugu ya wuce rabin tsayi, akwai aiki. Tsohuwar da ba ta san BMI ba za ta ɗauki zarenta ta tafi da shi gida, kuma za ta riƙa gwadawa da kanta.

Mataki na uku: bincika abin da ya kawo nauyin, da abin da ya riga ya ɓata

Nan ne aka fi yin gaggawa, kuma nan ne ya kamata a zauna. Tambayi yaushe nauyin ya fara hawa. Bayan aure? Bayan haihuwa ta uku? Bayan ya sayi mota, ko ya bar gona ya zauna a shago? Amsar takan nuna maka ƙofar da za ka shiga.

Sannan ka tambayi magunguna, ka kuma tambaya sau biyu. Mata da yawa sun sha abin da ake kira sha-ka-fashe kafin biki ko bayan yaye, wanda galibi deksametazon ne ko sifroheptadin, ko duka biyun a haɗe, wani lokaci a zuba cikin tsimi ko gumba ba tare da mai sha ta sani ba. Ba za ta faɗa maka da farko ba. Ce mata, "Mata da yawa sukan sha wani abu don jiki ya ciko, ke ma kin taɓa gwadawa?" Dubi fuska ko ta zama zagaye kamar faranti, ko akwai tudun kitse a ƙeya, da jan nankarwa mai faɗi a ciki, alhali hannuwa da ƙafafu sun sirance, domin waɗannan alamun illar deksametazon ne. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da sinadari mai ƙarfi dangin deksametazon, kuma fata tana shanye shi. Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe: wadda ta yi makonni tana shan deksametazon ko ɗan'uwansa firednisolon ba a ce mata ta daina yau. Jikinta ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya sa jininta ya faɗi ta suma, har a rasa ta. A hankali ake janyewa, a hannun likita.

Akwai kuma magungunan da mu da kanmu muke bayarwa masu ƙara nauyi: insulin da gilibenkilamid na ciwon sukari, amitiriftilin na ciwon damuwa, wasu magungunan taɓin hankali irin su olanzafin, balfurowet na farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata. Ba a dakatar da su da ka. Rubuta wa wanda ya ɗora mutum a kai, ko akwai madadi.

Kada ka ɗauki kumburi a matsayin ƙiba. Wanda ya ƙara kilo huɗu cikin mako guda, ƙafa ta kumbura kana dannawa tana lotsawa, ba ya iya kwanciya sai da matasai uku, wannan ruwa ne, zuciya ce ko ƙoda, tura shi babban asibiti a ranar. Mace mai shekarun haihuwa a tabbatar ba ciki ba ne, domin mai ciki ba a sa ta rage nauyi. Yawan jin sanyi da kasala da bushewar fata da taurin bayan gida suna sa a duba maƙoƙo. Al'ada mai tsallake watanni tare da gashi a haɓa da ƙuraje tana nuna matsalar ƙwayayen mahaifa da ke tafiya da ƙiba.

Daga nan sai awon jini. Kula da ɗamarar da ake naɗawa a dantse: in ta yi wa mutum kaɗan, lambar za ta hau fiye da gaskiya, sai a ɗora shi kan maganin da ba ya buƙata. Duk asibitin da ke duba manya ya kamata ya mallaki babbar ɗamara. Hawan jini shi ne 140 bisa 90 ko sama, a ranaku daban-daban. Sukari kafin karin kumallo, 7.0 ko sama a ma'aunin mmol/L, wato 126 a ma'aunin mg/dL, yana nuna ciwon sukari idan an maimaita an sake samu, 6.1 zuwa 6.9 kuwa yana bakin ƙofa. Leƙa bayan wuya: baƙin nan mai laushi da ake zaton dauɗa ce, ake ta dirza da soso, alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin. Tambayi matar gida ko maigida yana minshari har numfashi ya ɗauke ya farka a firgice, kuma ko yana gyangyaɗi da rana. In direba ne mai bin hanyar Kano ko Kaduna, wannan tambaya tana iya ceton rayuka. A ƙarshe ka tambayi zuciya: damuwa, rashin barci, cin abinci don huce takaici. Wadda ke kuka a ɗaki ba za ta ji zancen rage tuwo ba sai an fara da kukan.

Mataki na huɗu: ku tsayar da buri ɗan kaɗan

Mutane suna zuwa da burin komawa jikinsu na ranar aure. Gaya musu gaskiya: rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a wata shida shi ake nema. Ga Hajiyar nan mai kilo 92, kilo biyar zuwa tara ke nan, ƙasa da rabin kilo a mako. Ba za ta rame har a yi mata jaje ba, amma jini zai sauka, sukari zai gyaru, gwiwa za ta sarara. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna masu bakin ƙofar ciwon sukari da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, fiye da abin da maganin sukari na metfomin ya yi. Nakan faɗa wa marasa lafiya wannan da Hausa mai sauƙi, domin yana kwantar musu da hankali su ji ba sai sun zama kara ba.

Mataki na biyar: shiga tukunyar gidan

Kada ka miƙa takardar abincin da aka kwafo daga wata ƙasa. Ce masa ya ba ka labarin jiya, tun daga asuba har kwanciya, kuma ka tambayi abin sha daban, domin mutane ba sa lissafa shi a abinci. A nan za ka ji shayi mai kauri da madara da sukari cokali huɗu, da kunun zaƙi da hantsi, da lemon kwalba bayan azahar, da fura da aka zuba wa sukari da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokalin shayi 12, rabin haka ma ya fi. Robar lemo mai santilita 50 ita kaɗai tana iya cinye wannan kason. Zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma ba su da nisa da haka. Ga mutane da yawa, gyara abin sha kaɗai ya isa aikin watan farko. A rage sukarin shayi cokali ɗaya duk mako, harshe zai saba.

Na biyu mai. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, manja ne ko na gyaɗa, yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 120. Ƙaramin gwangwanin madara cike da mai ya haura kalori 1,200, kuma akwai gidajen da ke juye shi a miya ɗaya. A riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Alale ya maye gurbin ƙosai a wasu ranaku, awara a dafa ta cikin miya, kifi da nama a gasa ko a dafa. Fanke da cincin da soyayyar doya su koma na lokaci-lokaci.

Na uku yawan tuwo. Ban taɓa ce wa Bazazzagi ya bar tuwo ba, kuma ba zan fara ba. Malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannun mai ci, miya kuma ta yi yawa: kuka, kuɓewa, taushe, alayyafo, karkashi. Rabin faranti ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa. Mu a nan ma Allah ya hutar da mu, domin faten tsaki da aka cika wa rama da yakuwa da gauta, aka taƙaita mai, abinci ne da zan sa a gaban duk mai son rage nauyi. Haka kwaɗon zogale in ba a cika ƙuli da mai ba, da dambu mai ganye, da ɗanwake da aka yayyafa wa mai kaɗan, da dawa da gero da acca da ba a surfe su sun yi fari tas ba. Gwaiba da gwanda da yalo da lemon zaƙi a ci su da ɓargonsu maimakon a matse ruwan. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin lissafi. Daddawa da citta da tafarnuwa suna rage buƙatarsa.

Sai dai duk wannan magana ce kawai in ba mai girki aka yi wa ba. Alhaji ba shi ke riƙe da ludayi ba. Ce masa, "Alhaji, zuwa na gaba a zo da Hajiya," in kuma mata biyu ne ko uku, kowace mai girki ta ji bayanin, don kada a ce wata ce ke ba shi abinci mai daɗi wata tana horar da shi. Mace kuwa sau da yawa ba ita ke cefane ba, sai an jawo maigida. Inda ake ci a tire ɗaya, mai rage nauyi ya ɗebi nasa a kwano tun farko, domin a tire babu mai sanin iyakar abin da ya ci. Mai jego a bar ta ta ci ta ƙoshi saboda shayarwa, amma a yi magana da uwarta ko surukarta kan kunun kanwa da yawan sukari. Hadisin nan na kasa ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, kusan kowa ya san shi, kuma in ka tuna wa dattijo shi yakan karɓa fiye da lissafin kalori.

Ku zaɓi canji biyu kacal, shi da bakinsa zai faɗe su, kai kuma ka rubuta a kati.

Mataki na shida: motsa jiki

Abin nema minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wadda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗaga, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Wanda bai saba ba ya fara da minti goma. Namiji ya taka zuwa masallaci mai ɗan nisa, ya sauka daga Keke kafin ya kai inda za shi, ya yi tafiyarsa bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Matasa masu ƙarfi suna iya haɗa kai su riƙa zuwa Dutsen Kufena a ƙarshen mako. Matar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane cin abinci, ta tashi ta zauna a kujera sau goma, ta ɗaga galan ɗin ruwa. Mai ciwon gwiwa ya rarraba tafiyar gajeru-gajeru. Wanda ƙirjinsa ke ciwo in ya yi tafiya, ko jiri ke ɗibarsa, likita zai fara gani. Mai shan gilibenkilamid ko allurar insulin kuma, in ya rage ci ya ƙara motsi sukarinsa na iya faɗuwa. Koya masa alamun, rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani, ya riƙa yawo da dabino ko sukari, a kuma sake duba yawan maganinsa. Wannan gargaɗin yana ƙara ƙarfi da azumi.

Mataki na bakwai: magani, da lokacin turawa gaba

Za a tambaye ka shayin rage tumbi. Yawancinsu maganin gudawa ne irin filasko, ko mai sa fitsari. Ruwa suke fitarwa, kitse na nan, ƙoda kuma tana wahala. Magungunan gaskiya akwai su, ga mai BMI 30 ko sama, ko ƙasa da haka kaɗan in akwai wata cuta tare. Olistat yana hana hanji tsotse wani kaso na mai, kuma ana dakatar da shi in bayan mako 12 ba a rage kashi 5 cikin ɗari ba. Allurar semagulutayid, mai sunan kasuwa Wegovy da Ozempic, ta rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi a gwajin da aka yi na mako 68, amma tana da tsada ƙwarai, tana sa tashin zuciya, ba a ba mai ciki, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. Duk wanda ya ce zai saya a intanet, hana shi, ka haɗa shi da likita.

Tura zuwa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika idan BMI ya kai 40, ko 35 tare da sukari ko hawan jini da suka ƙi daidaita, ko kana zargin maƙoƙo ko illar deksametazon ko ɗaukewar numfashi cikin barci, ko an yi wata shida ana ƙoƙari babu motsi. A takardar turawa rubuta nauyi da tsayi da ƙugu da awon jini da sukari da duk maganin da yake sha, har na gargajiya.

Mataki na takwas: ranar dawowa

Ba shi rana bayan mako biyu, daga nan duk wata. Sikeli ɗaya, lokaci ɗaya, tef ɗaya. Fara da tambayar canji biyun da ya ɗauka kafin ya hau sikeli. Wani lokaci kilo bai motsa ba amma ƙugu ya ragu da santimita uku, ko jini ya sauka, ko ta ce yanzu tana sallah a tsaye. Nuna mata wannan a katin da idonta.

Wajen wata na shida nauyi yakan tsaya, wani ma ya fara dawowa. Jiki ne ke kare kitsensa: yunwa tana ƙaruwa, abin da yake ƙonawa yana raguwa. Faɗa wa mutum wannan tun ranar farko, domin wanda bai sani ba kunya takan hana shi dawowa. In Hajiya ta zo bayan Sallah ko bikin 'yarta ta mayar da kilo uku, yi mata sannu da zuwa, ka buɗe kati, ku sake bin labarin jiya daga asuba zuwa dare, ku zaɓi canji biyu, ka rubuta mata ranar dawowa nan da mako biyu.